Bencin da Ba a Taɓa Zama a Kai Ba

Ƙarfe biyun dare a Yaba,
janareta na tari a bayan ofis,
ni da allon kwamfuta muna kallon-kallo.
Kwana tara ke nan ina gina benci ɗaya,
bencin babana na Agege,
inda yake zama yana tsince goro daga ganye.

Na auna tsawo, na auna faɗi.
Ɗigo ya kama ɗigo, layi ya haifi fuska,
ƙafa huɗu suka tsaya cak.
Na juya shi sama, na juya shi ƙasa,
babu kuskure ko na ƙwayar gero.

Da yamma Madam Oyinkan ta leƙo ta kafaɗata,
ta ce, "Ya yi kyau.
Sai dai ba wanda zai yarda da shi."
Ta ɗauki jakarta, ta bar min maganar.

Gaskiyarta.
Gefensa kaifin reza.
Haske ya zo ya rasa inda zai dafa,
ya zame, ya wuce.
Samansa sumul kamar ba a taɓa yin gumi a duniya ba.
A kusurwar hagu, inda fuskoki biyar suka yi cunkoso,
wani baƙin tabo ya fito,
inuwar da babu mai ita.

Da safe na shiga danfo zuwa gida,
na zama mai satar kallon gefuna.
Ƙofar motar, inda kwandasta ke rataya,
fenti ya gudu, ƙarfe ya yi sheƙi.
Matakalar gadar Oshodi,
kowane taki ƙafafu sun cinye masa baki.
Gishirin teku ya lashi kwanon rufi,
tsatsa ta bi ƙusa ta gangaro kamar hawaye.
Duk faɗin Ikko
ban ga kusurwa ɗaya da ta tsira da kaifinta ba.

Na sami bencin a zaure, an ɗora masa bokiti.
Na sauke. Na shafa.
Ashe ba shimfiɗaɗɗe ba ne:
dama ta lotsa, nan ne mazauninsa,
shekara talatin da ɗoriya.
Ga zanen wuƙa inda yake fasa goro,
ga jan da ya shige cikin katako ya ƙi fita.
Ƙafa ɗaya ta gaza 'yar'uwarta,
Baba Tsalha kafinta ya yi mata ƙarin guntun taya.

Na koma na dakusar da gefuna,
kaɗan, kamar kaurin farce.
Nan take haske ya sami wurin zama,
siririn zare fari ya bi bakin katako.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni.
Na ce wa na'ura ta watsa ƙarzuna da datti.
Ta watsa, tsakani da Allah,
ko'ina daidai wa daida,
tabo ɗaya na maimaita kansa kamar zanen atamfa.
Ƙarya ta biyu ta fi ta farko muni.
Datti ba ya rabon adalci,
ya san inda hannu ke zuwa,
ya san inda tsintsiya ba ta kaiwa.

Na goge duka.
Na ɗauki alƙalamin allo, na bi a hankali,
ina tambayar kowane wuri: wa ya taɓa ka?
Nan gwiwa. Nan dunduniya.
Nan ni ne, ina ɗan shekara shida, da ƙusa.

Lotsawar dama na bari a ƙarshe.
Na danna ɗigo goma sha biyu ƙasa,
hannuna na rawa.

Hoton ya ɗauki minti arba'in yana fitowa,
layi bayan layi, fanka na kuka.
Da ya cika,
ban san lokacin da na muskuta a kujerata ba,
na matsa hagu,
na ba shi wuri.